Rangwamen Haraji Ga Ɗalibai: Yadda Ake Yi A Ƙasar Ailan

A jawabinmu na yau za mu duba wata dabara da gwamnatoci kan yi don rage wa iyaye nauyin karatun 'ya'yansu, wato a yafe musu wani abu daga cikin harajin da suke biya. Za mu ɗauki misali daga Jamhuriyar Ailan, maƙwabciyar Ingila.

Tun shekarar 1996 gwamnatin ƙasar ta ɗauke wa yawancin 'yan ƙasa kuɗin karatun digiri na farko, amma duk da haka akwai gudummawar da ɗalibi kan biya kowace shekara. Masu neman babban digiri kuwa, su ke biyan kuɗinsu gaba ɗaya. To, wanda ya biya irin waɗannan kuɗaɗe yana iya neman rangwamen kashi 20 cikin ɗari daga hukumar tara haraji. Sai dai akwai ƙa'idoji biyu. Ba a lissafa abin da ya haura Yuro 7,000 a kan kowane ɗalibi, sa'an nan kuma idan ɗalibin na cikakken lokaci ne, akan zubar da Yuro 3,000 na farko.

Ga yadda lissafin yake. Magidancin da ya biya wa ɗansa guda Yuro 3,000 ba zai sami ko anini ba. Wanda ya biya wa 'ya'ya biyu Yuro 6,000 zai sami Yuro 600, domin sau ɗaya ake zubar da kuɗin nan na farko, komai yawan 'ya'yan.

Game da kuɗin haya kuwa, wanda a birnin Dablin yakan fi kuɗin makarantar tsada, a shekarar 2022 aka fito da wani rangwame na Yuro 500 ga mai haya, aka ƙara shi zuwa Yuro 1,000 a 2024. Iyayen da ke biya wa ɗalibi hayar ɗaki su ma suna iya nema, muddin an cika sharuɗɗa.

Amma fa a lura da wani abu. Rangwamen nan daga cikin haraji ake cire shi, saboda haka wanda samunsa bai kai a karɓi haraji a hannunsa ba, babu abin da za a mayar masa. Haka nan baƙon ɗalibin da mahaifinsa ke aiko masa da kuɗi daga wata ƙasa. Ke nan dabarar ta fi amfanar mai albashi, shi kuwa ɗan talaka sai ya dogara ga tallafin karatu na gwamnati.

Shawararmu ga wanda ke biyan haraji a can ita ce ya adana rasiɗansa, domin ba a ba da rangwamen sai an nema, kuma doka ta ba da shekara huɗu a nemi na baya.