Erebor: Dutse Ne Ko Masarauta?

Shirinmu na yau wata gardama ce ta haifar da shi. Ƙanena yana jera sunayen wuraren da ke cikin littattafan J.R.R. Tolkien, duwatsu gefe guda, masarautu gefe guda. Da ya zo kan Erebor sai ya tsaya cak. Ya ce, "Yaya, wannan a wane layi zan sa shi?" Na ce dutse ne mana. Ya ce to ina aka bar sarkinsa? Wallahi sai da na koma na buɗe littafi.

Ga waɗanda ba su sani ba, Erebor shi ne dutsen nan na littafin The Hobbit da ya fito a 1937, inda wadanni suka haƙa gidajensu a ciki. Wadannin Tolkien fa ba gajerun mutane ba ne kawai, al'umma ce daban mai harshenta da sarakunanta, maƙera ne kuma mahaƙa. Abin mamaki, a cikin The Hobbit ba a kiran dutsen Erebor, sunan Turanci ake kiransa da shi, mai nufin dutsen da ke tsaye shi kaɗai. Sai a The Lord of the Rings, 1954 zuwa 1955, sunan Erebor ya bayyana. Kuma ba kalmar wadanni ba ce. Daga Sindarin take, harshen al'ummar Elf, ma'anar dai ɗaya ce.

To, mu bi tarihin yadda Tolkien ya tsara shi, da lissafin Zamani na Uku. A 1999 Thráin na Farko ya kafa masarauta a ƙarƙashin dutsen. A 2210 ɗansa ya kwashe jama'a zuwa wasu duwatsu a arewa. A 2590 Thrór ya dawo da sarautar. A 2770 Smaug, dodon nan mai aman wuta, ya faɗo musu ya kore su, ya kwanta a kan zinarensu. Sai 2941 Thorin ya dawo da tawagarsa. Shekara 171 kenan babu sarki, babu fada, amma dutse yana nan inda yake. Kun ga amsar ta fito da kanta. Erebor sunan dutse ne. Masarautar kuwa sunanta daban, Masarautar Ƙarƙashin Dutse, tana zuwa tana tafiya.

Kar ku ce wannan wasa da kalmomi ne, don a kan wannan bambancin Thorin ya yi tuntuɓe. Da ya shiga dutsen sai ya ɗauka ai ya samu masarauta. Mutanen garin tafki, waɗanda Smaug ya ƙone musu gari, suka zo neman kasonsu, ya toshe ƙofa. Sarki da mabiya goma sha biyu a bayan ganuwa! Ya mutu bayan Yaƙin Runduna Biyar, Dáin ne ya hau, ya raba dukiya, ya shirya da maƙwabta. A nan masarauta ta dawo da gaske.

Dubi Moria kuma, tsohon gidansu. Su wadanni Khazad-dûm suke ce masa, wato mazaunin wadanni. Moria sunan da Elf suka laƙaba masa ne, yana nufin baƙin rami. Ka ji mutum ya ce Moria, wani ya ce Khazad-dûm, ka san ba ido ɗaya suke kallon wurin da shi ba. Wadanni ma ɓoye harshensu suke yi, sunayensu na ainihi ko a kan kabari ba sa rubutawa. Sunaye irin su Thorin, Tolkien ya aro su ne daga wata tsohuwar waƙar mutanen arewacin Turai, Völuspá.

Daga ƙarshe ƙanena ya rubuta Erebor a layin duwatsu, ya buɗe wa masarautar layinta da shekarunta. Yanzu rigimar da ta rage mana ita ce sunansa da Hausa. Ni na ce Dutse Tilo, shi ya ce Dutsen Kaɗaici. Ku raba mana gardama. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.