Kwalin Magani a Gaban Kotun Lausanne
Laccar da aka gabatar ga matasa 'yan wasa da masu horar da su a Ƙetare



Wani zai ce, me ya haɗa yaron da ke buga ƙwallo a filin firamare da wata kotu a Suwizalan? Ƙwaya ɗaya ce ta haɗa su. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta sa tramadol cikin abubuwan da aka haramta wa ɗan wasa lokacin gasa. Ba sai na faɗa muku yadda ake haɗiyarta a nan ba, daga gona har filin dambe.

Idan aka samu haramtaccen abu a fitsarin ɗan wasa, doka ba ta fara da tambayar niyyarsa. Jikinsa ne, shi zai amsa. Daga baya ne yake da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotun sasanta rikicin wasanni da ke Lausanne a Suwizalan, wadda aka kafa a 1984, galibi cikin kwana 21.

Ku dubi André Onana, golan Kamaru. A 2021 aka dakatar da shi wata 12 bayan an samu haramtaccen maganin furosemide a jikinsa. Ya bayyana cewa maganin matarsa ya sha bisa kuskure, yana zaton na ciwon kai ne. Kotu ta gamsu, amma ba ta wanke shi ba. Ragewa kawai ta yi zuwa wata 9. Abin da ya taimake shi shi ne ya iya nuna sunan maganin da hanyar da ya bi ya shiga jikinsa. To, yaronmu fa, da ya sayi ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ko ya sha haɗin da mai sayarwar kansa bai san abin da ke ciki ba? Me zai ajiye a gaban alƙalai? Wannan ne ke damuna ƙwarai.

Kuma ƙofar ɗaukaka ƙara ba ta ɗan wasa kaɗai ba ce. An wanke 'yar tsere Tobi Amusan a Agustan 2023 daga zargin kauce wa gwaji sau uku, sai WADA da hukumar guje-guje ta duniya suka ɗaukaka ƙara. Sai a Yunin 2024 kotu ta kori ƙarar. Kusan shekara guda tana gasa da shari'a a kanta, ita da ke da lauyoyi.

Masu horarwa, roƙona gare ku: ku sayi littafi guda. Duk maganin da yaro ya sha, a rubuta sunansa da rana da wanda ya ba shi, a kuma adana kwalin. Iyaye, wanda ya ji ciwo a fili a kai shi asibiti.