Darasin Yau: Mu Haɗa Ƙaramar Fanka da Hannunmu

Ina gaishe da ƴan ajin Maraɗi, da na Tibiri, da na Jiratawa masu aikin lambu. Kowa ya matso kusa da radiyo, ya ɗauko takarda da alƙalami, don yau akwai lambobin da za mu rubuta.

Bazara ta shigo. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Maraɗi yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Babba yakan daure. Amma jariri, da tsoho, da mai jego, su ne zafi ya fi wahalarwa. Wutar lantarki kuma ba kowane gida ta shiga ba. Ko masu ita sun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, aka yi watanni fankoki na rataye ba motsi. Saboda haka yau za mu koyi haɗa ƙaramar fanka mai aiki da batir, wanda mu nan muke ce wa pil.

Kafin mu taɓa waya, sai mu yi karatu. Ku ɗauki batir ɗaya na tocila ku duba jikinsa. Za ku ga an rubuta 1.5 V. Wannan harafi V yana nufin volt, wato awon ƙarfin turawar wuta. An samo sunan ne daga wani masani ɗan ƙasar Italiya, Volta, wanda ya ƙera batir na farko a shekarar 1800. Ku sake dubawa. A kai ɗaya, inda yake da ɗan tsini, akwai alamar tarawa, +. A ɗaya kan, mai faɗi, akwai alamar ɗebewa, −. Ashe alamun da muka koya wajen lissafi ga su nan a jikin batir. Ku rubuta su yanzu: V, +, −.

Idan kuka jera batir biyu, tsinin ɗaya ya taɓa gindin ɗaya, kamar yadda suke cikin tocila, ƙarfinsu yana haɗuwa. 1.5 da 1.5, nawa ke nan? 3 ke nan. Batir huɗu kuwa 6. Idan batir biyu ne, ɗaya ya juya baya, sai su yi ta ja-in-ja, ba abin da zai motsa.

To, abu na biyu shi ne ƙaramin inji mai juyawa, wanda masu gyara suke ce wa moter. Ba sai kun sayi sabo ba. Akwai shi cikin motar wasan yara da ta lalace, da tsohuwar radiyo mai kaset, da na'urar DVD. Ku je wurin mai gyaran radiyo a kasuwa, ku ce ya gwada muku da batir biyu a gabanku. Wanda ya juya da ƙarfi shi za ku ɗauka. Injin kaset sau da yawa an rubuta masa 6 V, ko 9 V, ko 12 V, batir biyu ba za su ishe shi ba. Ga amfanin karatu: mai karatu ba a sayar masa da inji mai 12 ya kai gida yana zargin batir.

Sauran kaya duk suna gida. Guntun waya mai rufin roba, marfin gorar ruwa, ledar roba mai ɗan tauri irin ta marfin bokiti ko jikin gora, gam, almakashi, ƙusa, da ɗan katako. Ku yanko tsohon tub na keke, robarsa ta fi komai iya ɗauri.

Ku fara da gwaji. Injin yana da ƙafa biyu a bayansa. Ku fere bakin waya, ku ɗaura waya ɗaya a kowace ƙafa. Ɗaya ta taɓa +, ɗaya ta taɓa −. Sai inji ya juya. Ku ɗage waya ɗaya, sai ya tsaya. Me ya sa? Wuta tana son hanya mai zagayawa: ta fita daga batir, ta ratsa inji, ta komo batir. Mutanen Jiratawa sun san wannan. Idan aka toshe hanyar ruwa a wuri ɗaya, ruwa ba ya isa fage. Makunni ba wani abu ba ne illa wurin toshewa da buɗewa. Ku ciro na tsohuwar tocila ku sa shi a tsakiyar waya ɗaya.

Yanzu fikafikai, kuma nan ne aikin yake. Ku huda tsakiyar marfin gora da ƙusa. Tsakiya sosai, ku auna, kada ku yi da ka. Ramin ya zama ƙarami, don ya kama sandar inji gam. Ku yanka fikafikai uku, kowane tsawon santimita 5. Ku yanka na farko, ku ɗora shi bisa robar ku zana sauran, don su zama daidai. Idan ɗaya ya fi nauyi, fanka za ta yi ta rawa da ƙara, har ta cinye injin. Ku tsaga gefen marfi wuri uku, tazara ɗaya, amma a karkace. Ku cusa fikafikan ku sa gam.

Ku ji da kyau: a karkace, kuma duka su karkata gefe ɗaya. Fiffike miƙaƙƙe yanka iska kawai yake yi. Karkataccen shi ke turo ta, kamar yadda mace ke karkata faifai in tana sheƙe hatsi. Kada kuma ku yi kwaɗayin manyan fikafikai. Ƙaramin inji ba ya iya jan su, sai ya yi zafi, batir ya mutu da wuri. Ni a ganina uku ƙanana sun fi shida manya.

Ku ɗaure inji a kan katako da roba, batir a ƙasa don nauyinsa ya riƙe fankar. Ku kunna. In iska tana fita ta baya, kada ku kwance komai. Ku musanya wayoyin biyu, ta + ta koma −, inji zai juya ɗaya gefen.

Akwai kashedi. Kada waya ta haɗa + da − kai tsaye ba inji a tsakani, batir zai yi zafi ya lalace. Kada ku kusanci wutar bango da wannan inji, ita 220 V ce, tana kisa. Wasu za su so batir na waya ko na fitilar sola, mai 3.7 V, don ana cajinsa. Yana aiki, amma yana da haɗari. In aka huda shi, ko aka bar shi cikin rana, yana iya kama wuta. Wanda ya kumbura kada ku yi aiki da shi. Mataccen batir kuwa kada a jefa shi rijiya ko lambu, kada a bar yaro ya tauna.

Saura magana ɗaya, iyaye mata ku saurara. Fanka ba ta sanyaya iska. Gumi take busarwa, bushewar gumi ita ke sanyaya jiki, kamar yadda ruwan randa ke sanyi saboda tsatsafowar da yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara a yi aiki da fanka in zafi bai kai digiri 40 ba. In ya wuce haka, iskar zafi kawai take hura wa mutum. To, da tsakar rana ku jiƙa zane ku shafe jikin tsoho ko yaro, sannan ku kunna, ku yawaita ba shi ruwa. Jariri ɗan ƙasa da wata 6, nono za a ƙara masa. A ajiye fankar nesa da yatsunsa. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya rikice ko ya suma, a kai shi inuwa a jiƙa shi, a gaggauta kai shi likita.

Ga aikin gida. Kowa ya nemo abu uku masu harafin V a jikinsu, ya rubuta sunan abin da lambarsa, ya kai wa malamin aji. Wanda ya haɗa fanka ya sa sabon batir, ya rubuta ƙarfe nawa ya kunna, ƙarfe nawa ta tsaya. Da waɗannan lambobi za mu yi lissafin ɗebewa a mako mai zuwa. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.