Wa Zai Riƙe Yaron Idan Takwas Ta Buga?

 

Kowa a zauren nan ya san dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Kun san kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati da ta ware, kun san wa'adin shekara biyar na gyara gine-gine, wanda ya cika a 2024 matakalan ofisoshinmu suna nan yadda suke. Ba wannan ya kawo ni ba. Ƙorafina, wanda abokaina na ma'aikatu suka gaji da ji, shi ne dokar ta hango baligi a ƙofar ofis yana neman aiki, ba ta hango malamar firamaren da ke goye da ɗan shekara bakwai wanda bai taɓa zama da kansa ba.

Yaron nan, wataƙila doguwar naƙuda ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, ko shawarar jarirai da aka tsaya yi wa jiƙe-jiƙe, ko sanƙarau. Likita ya ce gashin ƙashi. To mu yi lissafi, don a nan maganar take.

A ce sau biyu a mako aka rubuta masa. Mako 52 ne a shekara, safiya 104 ke nan. Ba a sa ranar ganin likitan farfaɗiya ba, ba a sa ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ba. Kuma sashen gashin ƙashi, a asibitin Dala ne ko a Asibitin Malam Aminu Kano, da safe ake bin layinsa, a ranakun aiki, daidai lokacin da ake sa hannu a rajistar ofis. Me ma'aikaciya ke da shi a hannu? Dokar ƙwadago ta ba wanda ya cika shekara yana aiki hutun kwana 6. Babban ma'aikacin tarayya yana da kwana 30. A ɗebe 30 daga 104, saura 74. Wannan 74 ɗin daga ina za ta fito? Daga alfarmar oga. Idan mai tausayi ne, ya kau da kai. Ranar da aka canja shi, sabon ya tarar da rajista cike da giɓi, sai takardar tuhuma, sai a tsallake ta wajen ƙarin girma, sai wata rana a ji ta ajiye aiki "don kanta". Ita kuwa malamar aji ko ma'aikaciyar jinya ba ta ma da damar ɓuya, don kujerarta ba ta zama babu kowa.

Hutun haihuwa ma ba ya ceto. Dokar ƙwadago mako 12 ta ce, gwamnatin tarayya mako 16, uba kuma kwana 14 tun 2021. Duk an gina su a kan zaton yaro zai yi wayo, a yaye shi, ya tafi makaranta. Wannan yaron nauyinsa ƙaruwa yake yi, bayan uwarsa kuma ba ya ƙara ƙarfi.

Ana ce mini, ai muna da dangi. Waɗanne? Kakar da ke ƙauye tana fama da hawan jini, ko ƙanwar miji da ke jami'a? Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a cire yayar yaron daga makaranta ta zama 'yar raino, mu kuma mu dawo wani taron muna kukan ilimin 'ya'ya mata. Ana kuma cewa za a yi ta ƙarya a karɓi hutu. Takardar likita ai ba yau aka fara neman ta ba. 'Yar aiki kuwa, da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, bayan kuɗin adaidaita da magani da kunzugu, ku gaya mini abin da ya rage.

Ba sabon abu nake nema ba. Tun 2003 Birtaniya ta ba iyayen yaro mai naƙasa ɗan ƙasa da shekara 18 haƙƙin neman a sauya musu lokutan aiki. Tarayyar Turai a 2019 ta wajabta hutun jinyar iyali na kwana biyar a shekara. Afirka ta Kudu kuwa kuɗi take biyan mai kula da irin wannan yaro duk wata, kuma wannan ne kaɗai zai kai ga mai ƙosai da tela, waɗanda su ne mafi yawa, ba su da oga balle rajista.

Abin da na daɗe ina faɗa shi zan maimaita. A rubuta a dokokin aikin gwamnati, na tarayya da na jihohi, cewa mai ɗa irin wannan yana da safiya biyu a mako da cikakken albashi, a kan takardar likita da za a sabunta duk shekara. A rubuta "uwa ko uba", ɓaro-ɓaro, don ubannin da ke son ɗaukar yaron su daina jin kunyar tambaya, waɗanda ba sa so kuma su rasa abin fakewa. Kada a yi wa irin wannan ma'aikaci canjin wurin aiki zuwa inda babu asibitin da ke gashi. Asibitocin koyarwa su buɗe sashen gashin ƙashi da yamma da ranar Asabar, a biya ma'aikatansa alawus ɗinsu. Wannan na ƙarshen ko majalisa ba sai ya je ba, takardar umarni ce daga shugaban asibiti.

Ga shugabannin ƙwadago da nake gani a sahun gaba: in kun koma teburin tattaunawa, ku sa wannan a takardar buƙatunku, a shafin farko, kusa da albashi.