Tashar Ƙauran Namoda a Zamanin Yaƙin Hitila

Ga jawabin da aka shirya domin a karanta a cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙasar Dakoro.



Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Dakoro ba, bai taɓa zuwa Maraɗi ba. Duk da haka akwai wata ƙaramar tasha da ta taɓa aljihun kakanninku. Sunanta Ƙauran Namoda, tana cikin ƙasar Zamfara, a Najeriya. Wanda ya tashi daga Maraɗi ya bi ta Jibiya da Zurmi, zai isa can.

Ingilishi ne suka shimfiɗa hanyar jirgin. Ta taso daga Zariya, ta bi ta Gusau, ta iso Ƙauran Namoda a 1929. A nan ta tsaya. Don haka kayan arewa a nan suke taruwa: gyaɗa, auduga, fata da ƙirgi. Raƙuma da jakuna ke kawo su, a auna, a ɗura cikin tarago, jirgi ya kai su Ikko, bakin teku. Nijar ba ta da teku. A wancan zamani gyaɗarta ta Najeriya take fita, ta tashoshin Kano, Nguru da Ƙauran Namoda.

A 1939 babban yaƙi ya ɓarke a Turai. A 1940 Jamus ta ci Faransa. Gwamnan Faransawa da ke Dakar ya bi gwamnatin Bishi, wadda ta yi sulhu da Hitila. Ingila kuwa ta ci gaba da yaƙi. Sai ga Maraɗi da Katsina, ƴan uwan juna, kowace a ɓangare dabam. Aka rufe iyaka.

Manomin arewacin iyaka ya ji jiki. Ga gyaɗa a rumbu, ga tasha can kudu, amma hanya a toshe. Yadi ya yi wuya, sukari da kananzir suka ɓace a kasuwa. Nasara suna karɓar hatsi da dabbobi, suna kama mutane aikin dole. Waɗansu suka riƙa ƙetarawa da dare suna sayar da kayansu a ɓoye. Waɗansu suka kwashi iyali suka koma Najeriya baki ɗaya. Sai a watan Nuwamba na 1942 gwamnan Dakar ya juya ya koma wajen abokan Ingila.

A kudancin iyaka, tashar ba ta huta ba. A 1942 Japan ta kama ƙasashen gabas inda Ingila ke samun man girki da na sabulu. Ingila ta juyo ga gyaɗar ƙasar Hausa. Aka umurci sarakuna da hakimai su sa talakawa su ƙara noma. A shekarar nan gwamnati ta kafa hukumar sayen amfanin gona, ita kaɗai ke yanke kuɗi. Manomi ya yi noma, jirgi ya ɗauka, amma ba manomi ke faɗin farashi ba.

Jirgin bai tsaya ga buhuna ba. Ingila ta ɗauki dubban samarin Arewa soja. Ta jirgin ƙasa aka gangara da su kudu, daga nan jirgin ruwa ya wuce da su. Da yawansu sun yi yaƙi da Japan a dazuzzukan Bama daga 1943 zuwa 1945. Waɗansu sun komo, waɗansu can aka binne su. Allah ya jiƙan su.

Aikin yaƙi ya gajiyar da jiragen. Injuna suka tsufa, sababbi ba su zuwa daga Turai. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan jirgi suka shiga yajin aiki na wajen wata ɗaya da rabi, don tsadar rayuwa. Bayan yaƙi gyaɗa ta fi ƙarfin taragu, buhuna suka yi ta jiran jirgi a dalar gyaɗa ta Kano. A 1953 Faransawa suka buɗe wata hanya: manyan motoci su kai gyaɗar Nijar Paraku, jirgi ya kai ta Kwatano.

Jama'a, abin lura a nan shi ne: mai hanya guda, ranar da aka toshe ta, ya shiga uku. An sake rufe iyakar Najeriya a 2019, aka kuma rufe ta a 2023. Mai kai shanu da mai kai wake daga Dakoro sun san abin da ya biyo baya. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi. Hanya alheri ce, amma ba ta hana a cuci wanda bai iya karanta sikeli ba.

Don haka kada ku sayar da hatsi duka da kaka, ku bar na rumbu. Ku haɗa kai cikin ƙungiya, ku sayar tare. Ku dage da karatu da lissafi, kowa ya iya duba kilo da takardar ciniki da idonsa.

Tambayoyin da za a tattauna a aji:
1. A wace shekara jirgi ya iso Ƙauran Namoda?
2. Me ya sa aka rufe iyaka a 1940?
3. In aka rufe iyaka bana, ina garinku zai kai kayansa?