Kuɗin Hanya Ya Koma Na'ura

Direbobi da fasinjoji, ku matso, maganar taku ce.

A ƙarshen 2003 gwamnatin Obasanjo ta ba da umurnin rushe shingayen karɓar kuɗin hanya na Tarayya, saboda abin da ake karɓa ba duka ke isa baitulmali ba. To, ga su sun dawo. A watan Fabrairu 2025 aka soma karɓa a hanyar Keffi zuwa Makurdi, ƙaramar mota Naira 500, aka ce kuma ba a miƙa tsaba, sai da kati.

Mu dai ba mu ƙi na'ura ba. Ba ta da aljihu, ba ta cewa "babu canji", kuma kowace mota ta wuce sai ta rubuta. Amma fa ku tuna 2023, da takardar Naira ta yi ɓatan dabo, aka koma tura kuɗi ta waya, sabis na ta yankewa. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kano, na'ura ta ƙi katinsa, wa zai biya shi kayan da suka ruɓe?

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku yi masa wannan tambaya. Sannan ya faɗa muku nawa aka tara, da ramin da aka cike da shi.