Idan Sabar Imel Ta Gaza Ana Tsakiyar Awon Ƙarfi

 

Tambayar da zan tsaya a kanta a yau ita ce: injiniya ya cusa kwamfutoci da yawa cikin inji guda, ya ɗora musu gwajin awon ƙarfi, ana cikin tafiya sai sabar imel ta soma mayar da saƙonni ko ta yi gum ta daina amsawa. Me ya kamata ya fara yi? Abin da na zo da shi shi ne, kafin ya taɓa ko da maɓalli ɗaya, sai ya tantance ko abin da ya gani ɓaci ne da ke neman gyara, ko kuwa shi ne ainihin amsar da ya fito nema. A allo kamanninsu ɗaya, amma maganinsu daban, kuma wanda ya cakuɗa su zai ba da rahoton ƙarya ko da zuciyarsa fara ce.

Dabarar raba inji guda ya zama kwamfutoci da yawa ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya yi ta tun shekarun 1960 da tsarin CP-40 da CP-67, ya kuma fitar da VM/370 a 1972. VMware, wanda aka kafa a 1998 a Kalifoniya ta Amurka, shi ya kawo ta kan ƙananan injunan da kowa ke iya saya. Xen ya fito daga Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2003, KVM kuma ya shiga cikin Linux a 2007. Injin na zahiri shi ake kira mai masauki, kwamfutocin da ke zaune a cikinsa su ne baƙi, manhajar da ke raba musu furosesa da ram da faifai kuwa ita ce haifabaiza. Ribar abin a fili take, balle a wurinmu da kowane inji da aka kashe ragin kuɗin dizal ne.

Da abin ya zama kasuwa, sai mai saye ya soma tambaya: wannan injin baƙi nawa zai ɗauka? VMware ya fitar da VMmark a 2007 don amsa wannan. Ya shirya baƙin rukuni-rukuni, kowane rukuni da baƙi shida: sabar imel mai gudanar da Microsoft Exchange 2003, sabar Java, sabar yanar gizo, sabar rumbun bayanai, sabar fayiloli, da wata da ke zaune kawai ba ta aikin komai. VMmark 2, na 2010, ya koma Exchange 2007, ana ɗora masa lodi da manhajar LoadGen da ke kwaikwayon mutum 1,000 masu karantawa da aika wasiƙu. Ƙungiyar SPEC, wadda aka kafa a 1988, ita ma ta fitar da SPECvirt_sc2010, sannan SPECvirt_sc2013, dukkansu da sabar imel ta IMAP a kowane rukuni, kuma galibin masu gwaji manhajar Dovecot suke sa mata.

Ku riƙe wannan da kyau: lodin kowane rukuni tsayayye ne, ba ya ƙaruwa. Abin da ake ƙarawa shi ne yawan rukunai, har sai injin ya kasa amsawa cikin lokacin da ƙa'ida ta yanka. Ke nan gwajin da kansa gazawa yake farauta. In ba a kai inda wani abu ya gaza ba, ba a gama awo ba.

Me ya sa sau da yawa sabar imel ce ke riga sauran baƙi kuka? Saboda ta fi su yawan abin dogaro. Exchange ba ta tashi sai ta sami Active Directory, shi kuma ba a samun sa sai ta DNS, tantance mai shiga ta Kerberos kuwa ba ta yiwuwa sai agogo ya daidaita. Ga aikinta a faifai na ƙananan karatu da rubutu ne barkatai, nan da can, kuma kowane canji sai an rubuta shi a kundin ma'amala kafin a ce ya tabbata. Duk inda ƙafa ɗaya ta goce, a jikinta ake gani. Shi ya sa nake cewa ɗalibai kada su yi gaggawar kama ta da laifi don kawai sunanta ne ya fito da jan rubutu.

Matakin farko ba shi da tsada: kashe duk rukunan, ka bar ɗaya, ka sake gwajin. Wanda ke son sanin buhu nawa motarsa ke ɗauka, in taya ta fashe a buhun farko ya san dama tayar ce ruɓaɓɓiya. In ta kai buhu na ɗari uku kafin ta fashe, to ya sami amsarsa. In sabar imel ta gaza da rukuni ɗaya a kan injin da ke hutawa, shirin gwajin ne ke da ɓaraka. In tana lafiya da rukuni huɗu amma ta faɗi a na biyar, akwai alamar an taɓo iyakar wani abu. Sai dai wannan alama ce kawai, domin wasu ɓarakar shirin ma ba sa fitowa sai lodi ya yi nauyi, kuma su ne suka fi ɓata wa mutane lokaci.

Babba daga cikinsu agogo ne. A da, tsarin aiki yana ƙirga lokaci ne da bugun da injin ke aiko masa a kai a kai. Wasu tsofaffin Linux bugu 1,000 suke jira kowane sakan. Baƙuwar da ke jiran layi kafin a ba ta furosesa tana rasa wasu bugun, agogonta ya riƙa ja baya, ko kuma ya yi gaba da yawa wajen ramawa. Kerberos, a saitinsa na asali, ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5. Da an tsallake nan, mutum dubu na kwaikwayo sun kasa shiga akwatunansu a lokaci guda, rahoto ya ce sabar imel ta mutu, alhali lafiyarta lau. Tsofaffin sigogin Dovecot ma sun fi tsanani: in suka ga lokaci ya koma baya da tazara mai yawa, kashe kansu suke yi da gangan, su bar bayani a kundi. Gyaran shi ne a sa kowace baƙuwa da kowane injin ɗora lodi su sha daga tushen lokaci guda ta NTP, kada kuma a bar manhajoji biyu suna jan agogo ɗaya, wannan ta tura gaba waccan ta mayar baya. Akwai wata ƙarin illa da ba a cika lura da ita ba: agogon da ya karkace yana karkatar da awon jinkiri da kansa, don haka ko gwajin bai faɗi ba, lambobinsa ba abin yarda ba ne.

Na biyu, hoton yanayin da ake komawa gare shi. Masu gwaji sukan adana yanayin baƙuwa don kowane zagaye ya fara daga wuri ɗaya, kuma haka ya dace. Amma kwamfutar Windows da ke cikin yankin Active Directory tana sauya kalmar sirrinta ta inji duk kwana 30. Ka mayar da ita tsohon hoto, ta dawo da tsohuwar kalma, shugaban yankin ya ce bai san ta ba. Suna ma yakan jawo irin wannan: an kwafi rukuni na ɗaya aka yi na biyu, aka manta wani layi a fayil ɗin sunaye, sai injin lodi na biyu ya riƙa dukan sabar rukuni na ɗaya. Ita tana ɗauke da kayan mutum biyu tana nishi, 'yar uwarta tana zaune ba aiki.

Na uku, shi kansa injin ɗora lodi, wanda mutane kan manta cewa shi ma kwamfuta ne mai iyaka. Windows Server 2003, a saitin asali, ƙofofin fita daga 1025 zuwa 5000 kawai yake da su, kuma kowace ƙofa da aka rufe sai ta huta sakan 120 kafin a sake amfani da ita. Ku yi lissafin da kanku: ƙofa kusan 4,000 a raba da 120, bai kai sabon haɗi 34 a sakan ba. Da an wuce haka injin lodi ya toshe, kuma abin da zai rubuta shi ne ya kasa samun sabar. A ɓangaren Linux kuwa, yawancin tsare-tsare fayil 1,024 suke bari shiri guda ya buɗe, Dovecot kuma haɗi 10 yake yardar wa mai amfani ɗaya daga adireshi ɗaya. A rayuwar yau da kullum wannan kariya ce mai kyau. A gwaji, inda duk jama'ar kwaikwayo daga inji ɗaya suke fitowa, takan zama shinge.

Sai cikar faifai, wadda ba ta buƙatar dogon bayani. Kundin ma'amalar Exchange 2007 fayiloli ne na megabait ɗaya-ɗaya da ke taruwa muddin ba a yi ajiyar kariya ko an kunna sake-zagayen kundi ba. Gwajin awa uku sau da yawa a jere yana cinye wuri. In sarari ya yi ƙaranci, Exchange tana daina karɓar saƙo da kanta, ta amsa da lamba 452 4.3.1, wato kayan aiki sun gaza. Wannan lambar tana nan a kundi tana jiran mai karantawa.

To, a ce duk waɗannan an duba sun fita. Yanzu ne za a koma ga mai masauki, kuma a nan nake roƙon ku da ku daina yarda da abin da baƙuwa ke faɗa game da kanta. Tana iya nuna maka furosesa na aiki rabi da rabi, alhali ta shafe lokaci mai tsawo a layi tana jira, abin da ita ba ta gani. A ESX, haifabaizar VMware, manhajar esxtop ce ke nuna gaskiya. Shafin %RDY yana nuna lokacin da baƙuwa ta shirya aiki amma ba a ba ta furosesa ba. Wani abin mamaki, ƙara wa baƙuwa furosesa kan iya ƙara mata jira, domin haifabaiza na ƙoƙarin tafiyar da su kusan tare. In ram ya yi ƙaranci, haifabaiza na hura abin da ake kira balan-balan a cikin baƙuwa don ya ƙwato wani sashe. Sabar imel ta rasa ma'ajiyarta ta kusa, ta koma neman komai a faifai, matsalar ram ta rikiɗe ta zama ta faifai. A faifan ma sai an raba: DAVG jinkirin na'urar ajiya ne da hanyar zuwa gare ta, KAVG kuwa lokacin da buƙata ta ɓata a cikin haifabaiza, galibi a layi. Microsoft ta daɗe tana ba da shawarar kada matsakaicin karatu daga rumbun Exchange ya wuce milisakan 20.

Akwai ƙa'idar lissafi da John Little ya tabbatar a 1961 da ke bayyana dalilin da faɗuwar kan zo farat ɗaya: yawan abin da ke cikin layi daidai yake da saurin shigowa sau tsawon zama. A misali, buƙata 200 a sakan, kowace tana ɗaukar milisakan 50, goma ne kawai ke ciki a kowane lokaci. Jinkiri ya kai sakan biyu, sun zama 400. Haɗi ya ƙare, wa'adin jira ya cika, waɗanda suka gaji suka sake turowa, layin ya ƙara tsawo. Ka lura, a ƙarshe saƙon kuskuren zai yi kama da na ƙarancin ƙofofi da na ambata ɗazu. Abin da ke raba su shi ne wanne ya riga faruwa, kuma ba za ka san haka ba sai ka jera kundin injin lodi da na sabar imel da na mai masauki a kan lokaci guda. Kun ga dalilin da ya sa na fara da agogo.

A wannan gaɓar ce jarrabawar mai gwaji ke zuwa. Yana iya tsawaita wa'adin jira har kuskuren ya ɓace. Yana iya gaya wa Dovecot ta daina tabbatar da rubutu a faifai, ko ya mayar da akwatunan wasiƙu cikin ram. Jan rubutu zai gushe, rukuni na biyar ya wuce, maigida ya yi murna. Amma ƙa'idar SMTP, tun wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, ta ginu ne a kan cewa sabar da ta amsa da 250 bayan karɓar saƙo ta ɗauki amanarsa. Sabar da ke cewa ta adana alhali saƙon na ram, ɗauke wuta ɗaya ta isa ta salwantar da shi. Abin da aka auna a wannan hali ba sabar imel ba ce da wani zai yarda ya ɗora ofishinsa a kai. Shi ya sa SPEC da VMware duka suke da ƙa'idojin gudanarwa a rubuce, suke tilasta bayyana duk saitin da aka taɓa, suke kuma bitar sakamako kafin a wallafa. A ganina ma'aunin mai sauƙi ne: gyaran da za ka iya bari a kan sabar da mutane na gaske ke amfani da ita, kuma ka rubuta shi a rahoto ba tare da kunya ba, halal ne. Wanda ba haka ba, rufa-rufa ce.

VMmark 3, da ya fito a 2017, ya cire sabar imel daga rukuninsa gaba ɗaya, don haka wasunku ba za su taɓa haɗuwa da LoadGen ba. Duk da haka agogo da sunaye da layin faifai suna nan, wata baƙuwar ce kawai za ta karɓi kukan.

Ɗalibai, musamman masu shirin rubuta kundin kammala digiri a wannan fanni, ga roƙona. Ku canja abu ɗaya a kowane zagaye, ku rubuta abin da kuka canja da lokacin da kuka canja shi. Kada ku share kundin zagayen da ya faɗi. In injinku ya ɗauki rukuni huɗu ya gaza a na biyar, ku rubuta huɗu, ku kuma faɗi abin da ya ƙare a na biyar, furosesa ne ko ram ko faifai, da lambobin da suka nuna haka.